Fegin da Baba Tiyo Ya Kai Inuwa

A bayan ɗakin karatu na kwalejin, daidai inda kwalta ta ƙare, akwai fili mai girman kadada biyu da 'yan kai wanda ake kira lambun karatu. Nan ɗaliban aikin gona ke koyon yi wa mangwaro aure, masu nazarin tsirrai su tsinki ganye su manna a littafi, sauran kuwa su zo da niyyar karatu su ɓuge da barci a kan benci. Akwai itatuwa ɗari biyu da goma sha huɗu a ciki, da benci goma sha tara, da ɗan tafkin siminti na kifi, da famfo guda a tsakiya. Mutum ɗaya ke kula da duk wannan, kuma ko a ofishin ma'aikata sai an buɗe fayil kafin a tuna ainihin sunansa. Kowa Baba Tiyo yake ce masa.

Shekara talatin da uku ke nan da ya shigo kwalejin yana saurayi, leburan ɗaukar bulo lokacin da ake gina ɗakin karatun. Filin a wancan zamanin ba komai sai ɓaraguzai da ƙaya. Wata rana wani malamin aikin gona ya zo da dashen maɗaci bakwai a gwangwanayen madara, ya dasa su a gefen gabas, ya nemi wanda zai riƙa ba su ruwa. Leburori suka yi kunnen uwar shegu. Shi ya ce zai yi, don a ganinsa ɗaukar bokiti ya fi ɗaukar bulo sauƙi. Aka gama gini, 'yan kwangila suka kwashe komatsansu, shi yana nan da bokitinsa. Awaki suka cinye huɗu daga cikin dashen. Uku suka tsira, suka girma har mutum ba ya iya rungume gindin ko ɗaya.

Ya raɗa masu suna. Mafi tsayi shi ne Shugaba. Na kusa da shi Mataimaki, don a inuwar Shugaba yake rayuwa. Na uku, wanda ya ɗan ware gabas kuma ba ya fitar da sabon ganye sai kowa ya gama, shi ne Magatakarda.

Da aka ja famfo zuwa lambun sai aka ba shi tiyo uku masu tsawo ɗaya, daga nan laƙabin ya samo asali. A takardar sito an rubuta cewa kowane mita ashirin da biyar ne, amma Baba bai taɓa damuwa da mita ba. Da tiyo yake auna duniya. Ka tambaye shi nisan tsamiya daga famfo, zai ce tiyo ɗaya da ɗauri biyu, wato har inda ya ɗaure huda ta biyu da robar tayar keke. In tiyo ya mutu aka ba shi sabo, sai ya shimfiɗa shi kusa da tsohon ya daidaita tsawonsu, sannan ya ɗaɗɗaure shi da roba a wuraren da tsohon ke da ɗauri, ko da ba ya yoyo. Mai sito ya taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Kai in aka ba ka sabon agogo babu lambobi, za ka san ƙarfe nawa?"

Ɗabi'arsa ta biyu ita ce rami ba ya kwana a lambunsa babu shuka. Ko 'yan lantarki ne suka cire falwaya, ko ɗalibi ne ya tona ƙasa don gwaji, kafin a tashi aiki Baba ya soka wani abu a wurin. Aljihun rigar aikinsa ba ya rabuwa da rassan fure da ya datsa da almakashi. Matarsa, wadda tela ce, takan ce ranar da aka zo haƙa masu rijiya a gida sai da ta tsaya gadi, don kada ta juya baya ta tarar da gwanda a ciki.

Saura masa wata biyar ya yi ritaya, kuma abin da ya fi alfahari da shi bayan itatuwan shi ne fayil ɗinsa. Shekara talatin da uku, ko takardar tuhuma ɗaya babu.

Ana haka sai kwalejin ta yanke shawarar fitar da hanyar mota ta gefen gabas na lambun zuwa sabon ɗakin kwanan ɗalibai. Layin hanyar yana kan takarda a ofishin ayyuka, ba a riga an zana shi a ƙasa ba. Kwamitin ayyuka ya nemi sashen awon ƙasa ya kawo taswirar lambun da ke nuna mazaunin kowace bishiya, kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a. Duk bishiyar da ta faɗa cikin layin a taswira za a shafa mata jan fenti, mai zarto ya zo ranar Litinin ta gaba. Maɗatan nan uku su ne a bakin iyaka. Baba bai faɗa wa kowa ba, amma tun da ya ji labarin yake ƙara masu ruwa, kamar hakan zai sa su matso.

Malamin awon ƙasa ya ba ɗalibansa na ajin ƙarshe aikin, su shida. Shugabarsu wata gajeriya ce mai kaifin murya da suke kira Sajan. Akwai kuma wani siriri mai gilashi kamar gindin kwalba, wanda ake ce wa Tabarau.

Ranar Litinin da safe Malam ya kawo awo tun daga ginshiƙin siminti da ke ƙofar kwalejin, aikin da ya ci rabin yini, ya kafa fegin ƙarfe mai jan kai a tsakiyar filin ciyawa, inda babu reshen da ya tare sama. Aka kafa wata na'ura mai ƙafa uku a kansa, da farin kai kamar faranti a kife. Wata irinta kuma a kan dogon sanda, wadda za a riƙa kaiwa gindin kowace bishiya. Baba ya ajiye baro ya matso.

"Malam, wannan farantin me yake ci?"

"Saƙo yake ci, Baba. Akwai taurarin ɗan'adam a sama suna kewaya duniya, su ke gaya masa inda yake tsaye."

"Shi bai san inda yake ba sai an gaya masa daga sama?"

"Haka ne."

"To ai mu ma akwai irinsu a ofis."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Daidai nan Baba ya hango ruwa ya cika kwamin lemo yana malala, ya ruga ya rufe famfo. A cikin mintin nan biyar da ba ya nan Malam ya yi bayanin da ya fi kowane muhimmanci: na'urar da ke kan fegi an riga an gaya mata mazauninta daidai, ita ke gyara wa ta kan sanda kuskure, saboda haka ko da wasa kada a taɓa fegin. Ya gama, ya kama hanyar wani taro a wani gari, sai Juma'a zai dawo.

Aikin Tabarau shi ne zama kusa da mai ƙafa uku. Tun ranar farko ƙwallon wasu ɗalibai ta kusa kayar da ita, Sajan ta kafa masa doka cewa ya zauna inda hannunsa zai kai gare ta, ko da sama za ta faɗo. Sauran suka bi Baba cikin inuwa suna auna itatuwan yamma. Yana gaba yana ba da suna da shekara, Sajan tana rubutawa.

"Wannan gwaiba ce, shekararta goma sha ɗaya. Ramin tankin ruwa ne da aka fasa sawa."

"Baba, suna kawai muke so."

"To 'yata, ki tambayi na saman mana. In ya san wadda gara ke ci a cikin nan, yau in ajiye aiki."

Don tsokana suka auna tiyonsa da tef ɗinsu, suka samu mita ashirin da biyar cif. Baba ya ce ya ji daɗi da tef ɗin nasu ya ci jarrabawa.

Amma duk sanda ya waiga sai ya hango Tabarau a tsakiyar fili, ya ɗora littafi a ka, rana tana gasa shi kamar an yi masa hukunci. Ranar Talata da la'asar yaron ya yi haɓo, Baba ya jiƙa masa hankici ya sa masa a goshi. Abin ya tsaya masa a rai. Ga tsamiya nan yamma da fegin, da rana ta karkata inuwarta takan miƙo har ta kusa, sai ta tsaya saura taku shida. Taku shida kacal tsakanin ɗan mutane da lafiyarsa.

Kullum da yamma ɗaliban kan naɗe na'urorinsu su tafi da su, fegi kaɗai ke kwana. Ranar Laraba Baba ya iso ƙarfe shida da rabi kamar yadda ya saba. Ya jiƙa gindin fegin, ya girgiza shi a hankali ya zare, ya yi taku shida yamma, ya kafa shi a miƙe sambal, ya buga da guduma har jan kan ya yi daidai da ciyawa kamar yadda Malam ya bar shi. Ya ma goge masa laka. Aiki ne mai tsabta, irin wanda yake yi ba tare da neman godiya ba.

Filin ciyawa ko'ina iri ɗaya ne. Tabarau ya zo ya kafa mai ƙafa uku a kan jan kai, bai ga wani bambanci ba. Da ƙarfe ɗaya ta wuce inuwa ta lulluɓe shi, ya miƙe ƙafa ya yi hamdala.

"Baba, ka ga ikon Allah? Yau inuwa ta zo da kanta."

"Haka take yi wa masu haƙuri," in ji Baba, ya wuce da baronsa yana murmushi.

Laraba da Alhamis suka auna gabashin lambun, da tafkin kifi, da maɗatai uku. Da aka zo kan Shugaba, Baba ya cire hula kafin a jingina masa sanda.

Alhamis da yamma Sajan ta buɗe kwamfuta a kan benci, kowa ya leƙo. Ga lambun nan kamar tsuntsu ne ya zana shi, kowace bishiya ɗigon kore da lambarta. Baba ya ga famfonsa, ya ga tsamiya, har ya fara jin daɗi. Sai ta ɗora jan layin hanya a kai. Ɗigo uku na gefen gabas suka faɗa ciki, dukansu.

Sajan ta juyo ta dubi Baba.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Sajan, muryarta ta sauko. "Sun shiga, Shugaba ma da mita biyu."

"Daga famfo zuwa Shugaba nawa ya ce?"

"Mita saba'in da tara."

"Tiyo uku ne cif. Bakin na ukun a gindinsa yake kwanciya."

"Tiyo uku saba'in da biyar ke nan. Baba, roba ce fa, tana miƙewa."

Wani daga cikin ɗaliban ya nuna wani abu yana dariya: benci na goma sha ɗaya, wanda aka auna ranar Litinin, ya fito a tsakiyar tafkin da aka auna ranar Laraba. Suka ce ƙila rassa ne suka tare saƙo a wurin, gobe da safe sai a sake auna bencin a gyara. Baba bai yi dariya ba. Ya san ruwa ba ya tsami banza. Ya bi Tabarau inda yake naɗe ƙafafun na'ura, ya tsuguna kamar mai cire ciyawa.

"Ɗana, wai in da a ce wannan fegin ya ɗan gusa, me zai faru?"

"Kai Baba, kar ma ka yi mana wannan fatan. Ai ita na'urar ba ta san an gusar da ita ba. In aka kai ta yamma, duk abin da muka auna sai ya tafi gabas a takarda, daidai wannan nisan. Wanda ya taɓa shi kuwa, Sajan ɗanye za ta cinye shi."

Baba ya ce to, Allah ya kyauta. Ya tura baronsa zuwa rumfar kaya, ya zauna a kan buhun taki ya yi lissafi da yatsu. Taku shida nasa, mita huɗu ne ko da ɗan ɗori. Saba'in da biyar da huɗu. Ya sake lissafawa, amsar ba ta canza ba.

Ya isa gida da sauran rana, ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki a tsakar gida, tef a wuya. Ta kalle shi sau ɗaya ta ɗaga ƙafa daga feda.

"Malam, wa ya mutu? Mutum ko bishiya?"

Ya ja kujera ya gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi dariya har da dafa keke.

"Wato garin neman gira ka rasa ido. Ka ba ɗan wani inuwar awa uku, ka sayar da ta shekara talatin."

"Maman yara, ba abin dariya ba ne."

"Ni in wani ya shigo ya yanke min ɗan yatsa ɗaya daga bakin tef ɗin nan don ya ga ya tsufa, ya tafi bai faɗa ba, riga nawa zan ɓata kafin in gane? To me ka yanke?"

"Na ce ko in je da sassafe in mayar da shi inda yake, shiru."

"Sai takardar ta gyara kanta?"

Wannan shi ne abin da ya sani tun a kan buhun taki. In ya mayar da fegin a ɓoye, babu mai kama shi har abada, kuma ranar Litinin mai zarto zai zo. In ya faɗa, ya ɓata wa yara aikin kwana biyu ana saura awa kaɗan a miƙa, ga Malam, ga ofis.

"Fayil ɗina fa," ya ce a hankali. "Saura wata biyar."

"Ka taɓa ganin mutum ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin fayil? Malam, takarda ba ta inuwa. Itatuwan nan ka fi sanin ranar da aka dasa su a kan ranar da na haifa maka 'ya'ya. Tashi ka wanke hannu, kana tare min haske."

Ranar Juma'a ɗaliban suka iso ƙarfe bakwai da rabi tare da Malam, wanda ya dawo daga tafiya. Suka tarar da tiyo uku a haɗe, an ja su a miƙe daga bakin famfo har gindin Shugaba, Baba yana tsaye a kan fegi da hularsa a hannu. Bai yi dogon sharhi ba.

"Malam, ina kwana. Ni na cire wannan ƙarfen ranar Laraba da safe. Na kawo shi nan don yaron nan ya samu inuwa. Ban san shi ne uban tafiyar ba."

Sajan ta ɗora hannu biyu a ka. Ta buɗe baki, ta dubi furfurar Baba, ta rufe, sannan ta juya kan wanda za ta iya.

"Kai kuma Tabarau! An ɗauke ka da kujerarka an kai ka wata unguwa, ba ka sani ba?"

"Ni na ɗauka rana ce ta canza hanya."

"Rana! Shekara huɗu kana karatun awon ƙasa!"

"To ai ke ma kin wuce ta nan sau goma, ranki ya daɗe."

Malam ya sa aka ja tef a gefen tiyon daga famfo zuwa Shugaba. Mita saba'in da biyar da 'yan santimita. Ya dubi kwamfuta, ya dubi tiyo, ya cire gilashinsa ya goge.

"Baba, laifin rabi nawa ne, ban gaya maka ba. Amma ga matsalar. Sai mun san ainihin ramin farko, ba kusa da shi ba, shi kansa. In ba haka ba sai mun koma ƙofar kwaleji mun sake kawo awo, kuma wannan rabin yini ne. Kwamiti zai zauna sha biyu. Kwana biyu kana ba ciyawar nan ruwa, ina za mu ga ramin da bai fi kaurin yatsa ba?"

A karon farko tun jiya fuskar Baba ta saki.

"Malam, rami a lambuna?"

Ya yi taku shida gabas ya tsaya. A gaban takalminsa akwai wani ɗan reshen fure, tsawon tafin hannu, a tsaye cikin ciyawa da ganye biyu a kansa. Ranar Laraba, kafin ya ɗaga ƙafa daga wurin, hannunsa ya shiga aljihu ya yi abin da ya saba, ko tunani bai yi ba.

"Au, wannan?" in ji Tabarau. "Ai ni ke zuba masa ragowar ruwana."

Malam ya durƙusa ya duba. Ya ce a kawo guduma. Baba ya ce a dakata, ya kawo cokalin dashe ya zare reshen a hankali don kada bakin ramin ya ɓaci, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen hankici. Fegi ya shiga tsohon gidansa kamar bai taɓa fita ba. Aka auna tsakanin ramukan biyu: mita huɗu da santimita goma sha takwas.

Daga nan aka shiga gudu. Aka kafa mai ƙafa uku, Tabarau ya koma cikin rana ba tare da ƙorafi ba, sai dai wannan karon Baba ya kawo lemar da yake rufe irin shuka da ita ya riƙe masa, a gefe, yadda ba za ta tare wa faranti sama ba. Malam ya sa aka fara da famfo don a tabbatar, ya fito daidai da awon Litinin. Aka sake auna kusurwoyin tafki, da itatuwa goma daga nan da can, da maɗatan uku. Kowanne ya nuna gusawa iri ɗaya. Sajan ta zauna a benci ta ja duk awon Laraba da Alhamis baya da wannan adadi, tana yi tana hararar agogo.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata ta ce a zo a gani. Benci na goma sha ɗaya ya fito daga ruwa ya koma gaɓa. Ta ɗora jan layi. Shugaba yana waje da mita biyu. Mataimaki yana bayansa. Ɗigo na uku kuwa kamar yana taɓa layin, sai da ta ƙara girman hoton har sau uku kafin a ga siririn fari a tsakani.

"Magatakarda ya fita," ta ce. "Da santimita arba'in."

"Shi dama haka yake," in ji Baba. "Ba ya sa hannu sai an kusa tashi."

Ya juya ya tafi rufe famfon da ba a buɗe ba, ya ɗan jima a can. Babu wanda ya bi shi.

Malam ya miƙa taswirar saura minti ashirin. A rahotonsa ya rubuta abin da ya faru ba ragi ba ƙari, don aikin awo ba ya son ɓoye-ɓoye: an gusar da fegi ranar Laraba, an gano ranar Juma'a ta hanyar awon mai kula da lambu, an gyara. Ranar Litinin mai zarto ya zo ya sare darbejiya biyu da wata busasshiyar gwanda da suka faɗa layin da gaske. Maɗatan ko fenti bai taɓa su ba.

Takardar tuhuma ta iso bayan mako uku, daga ofishin magatakarda, tana neman Baba ya yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ya taɓa kayan aikin da ba nasa ba. Sajan ta buga masa amsa a kwamfuta, layi huɗu, ya sa hannu. Ya nemi a ba shi kwafin tuhumar, ya kafe ta da ƙusa a bangon rumfar kaya, kusa da inda yake rataye tiyo. Matarsa ta ce gara haka, fayil ɗin da ba komai a ciki ai kamar mutum bai yi aiki ba ne.

Yanzu an manna babbar taswirar a allo a ƙofar lambun, cikin gilashi. A ƙasanta, bayan ma'aunin mita, ɗaliban sun ƙara wani ɗan layi da aka raba uku, an rubuta tiyo ɗaya, tiyo biyu, tiyo uku. Malam ya gani ya bar shi. Baba kan tsaya a gabanta da safe kafin ya fara aiki, ya sa yatsa a kan ɗigo ukun nan na gabas, ya wuce.

Jerin itatuwan kuma ya ƙare a lamba ta ɗari biyu da goma sha biyar, duk da cewa ɗari biyu da goma sha huɗu aka ƙirga ranar farko. Ranar Juma'ar nan, da aka zare fegi daga bakin inuwar tsamiya, an bar rami a wurin. Kafin Sajan ta rufe kwamfuta Baba ya riga ya kwance hankicinsa ya soka reshen a ciki, ya danna ƙasa da babban yatsa. Tabarau ya ɗauko sanda ya auna shi. Ya yi ganye shida yanzu.